Basun ɗin Saje a Saman Soro

"Baba, sai mun kashe mukayyif," in ji Hafsa, babbar 'yata, tana jingina waya da tarin matasai. "Gurnaninsa yana shiga cikin sautin."

Ta kashe na'urar sanyin, ta rufe taga saboda mai gas da ke buga tulunsa a bakin titi. Ba a yi minti biyar ba ɗakin ya ɗauki zafi. Watan Agusta ne a Jidda, lokacin da iskar teku take zuwa da ruwa a jikinta, ta manne maka a fata, zufa ta fito ta rasa inda za ta bushe. Ina zaune da basun a jikina, riga ta jiƙe, yatsuna suna santsi a kan maɓallai, ina busa darasi na ɗaya. Sauti guda ne tak, a riƙe shi har ƙidaya goma sha shida kada ya yi rawa. Shekara hamsin ina busa, na busa a fareti gaban manya, sai ga numfashina yana girgiza a ƙidaya ta goma sha ɗaya.

"A sake," in ji Hafsa.

"Na san a sake! Ke kika koya mini?"

Sau goma sha huɗu muka sake. A na goma sha biyar zufa ta gangaro ta shige mini ido. Na miƙa hannu zan tsoma ɗan karan busa a finjalin ruwa, sai na tsaya ina kallon finjalin. Zafin nan da finjalin nan suka mai da ni wani gida a unguwar Waziriyya, shekara arba'in da 'yan kai baya, shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Wallahi raina ya ɓaci sabo fil, kamar jiya aka yi abin.

Ga wanda bai sani ba, basun abin busa ne na katako, in an haɗa shi ya kai ni ƙirji. Ɗan'uwan algaita ne ta wajen kara, amma muryarsa can ƙasa take. A bandin 'yan sanda na koya, a Kaduna, hannun Saje Ɗanladi, wani mutumin kudancin Zariya da bai san wasa ba. Basun ɗin nasa ne na kansa, wani Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ranar da Saje ya ajiye aiki ya kira ni bayan bariki, ya ɗora mini akwatin a hannu, da wani littafin rubutu na 'yan makaranta mai darasi goma sha biyu da ya kwafa da hannunsa.

"Kofur," ya ce, "haƙorana sun tafi, naka suna nan. Kullum ka fara da shafin farko, ko ka zama sarkin busa. Ranar da naka haƙoran suka fara motsi, ka nemi wanda za ka miƙa wa."

Bayan shekara biyu aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Na biyo jirgin umara da niyyar in yi aikin ƙarfi na ɗan lokaci in koma. Basun yana rabuwa gida huɗu ya kwanta a akwati, na naɗe shi da bargo, ba wanda ya tambaye ni.

A gidan Waziriyya mu tara ne a ɗaki ɗaya, babu mai iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ko mutum guda. Babbanmu Baba Tanko, dattijo ɗan Haɗejiya da ya fi shekara ashirin a ƙasar, shi ya kama gidan, maganarsa kuma ita ce doka. Ban faɗa wa kowa sana'ata ba. A gida ma mabushi ba a ɗauke shi a bakin komai ba, balle a nan a wancan zamani, da ko kaset ɗin waƙa sai ka rage masa murya ka leƙa taga. Na ce musu ni tsohon ɗan sanda ne, shi ya sa suke kirana Kofur. Akwatin na tura shi wani lungu a ƙarƙashin bene, bayan tarin buhunan siminti da ba kowa ke taɓawa ba.

Ruwa shi ne babbar wahalar wannan azumin. Famfo ba ya kawowa layinmu, sai motar tanki, wadda ake kira wayit, kwana huɗu-huɗu, shi ma in direba ya ga dama. Durom biyu gare mu. Baba Tanko ke rabo da kansa: kowa buta biyu ta alwala, galan ɗaya na wanka. Ruwan wanka a tare shi a baho a yi wanki da shi, na wankin a yayyafa a daɓe a kwanta a kai.

Da sahur shinkafar jiya ce da shayi. Ana sallame asuba mu hau bayan motar ɗan kwangila zuwa wajen gini a arewacin gari. Ni bulo nake ɗauka. Kafin hantsi rodi ba ya taɓuwa, siminti ya ci tafin hannu, leɓe ya tsage, gishiri ya yi fari fat a bayan riga. Harshe ya yi nauyi a baki har ka daina amsa gaisuwa, sai ɗaga hannu. Da azahar a dawo da mu. Fanka ɗaya ce a ɗakin, har layi aka yi mata: kowace rana a matsar da katifu, don kowa ya samu ranarsa ta kwana a gindinta. Da la'asar a tashi aikin buɗa-baki. Sale kafinta, ɗan Gusau, shi ke dama kunun tsamiya da ɗan geron da alhazai suka bar mana. Wani ya tafi layin burodin tamis, wani ya ɗauki kwano ya karɓo shurba, romon alkama da nama, a masallaci. Sai mu kewaye tabarma, dabino ɗai-ɗai a hannu, kunne yana jiran a buga igwar shan ruwa. Ba zan yi ƙarya ba, akwai daɗi a wannan zaman, har yau ban sha kunun da ya kai na Sale ba.

Tsakanin azahar da la'asar, in kowa ya zube kamar an yi masa duka, ni kuma sai in sulale lungun nan. In haɗa basun, in cusa safa a bakinsa ta cinye muryar, in yi darasi uku ko huɗu a hankali. To amma karan busa ba ya magana sai ya jiƙa. Yanka biyu ne na kara, siriri kamar farce, in ka busa shi a bushe sai ya tsage, kuma guda uku kacal suka rage mini a duk ƙasar. Daga butar alwalata nake rage finjali ɗaya. In tsoma, in yarfe, in sa a leɓe, in tofar da yawu. Na auna abin da kurkurar baki ta alwala na ga bai kai ta ba. Har gobe ba ni da shakka a kan azumina na wannan shekarar.

Ran goma sha biyu ga wata Sale ya fito kama ruwa, ya ci karo da ni ina fitowa daga lungu, finjali a hannu da sauran ruwa a ciki, leɓena yana sheƙi. Ya wuce abinsa. Da yamma dabino ya zagaya tabarma ya tsallake ni. Na ɗauka mantuwa ce. Washegari bayan la'asar Baba Tanko ya tara mu.

"Isyaku," ya ce, "an ce an gan ka da ruwa da rana tsaka."

"Wa ya ce, Baba?"

"Ni na ce," in ji Sale. "Mu muna mutuwa da ƙishi, kai kana lungu kana kurɓa. In ƙarya nake, fito da harshenka mu gani."

Harshena! Abin da yara 'yan shekara takwas suke yi wa juna a ƙofar gida, wai a duba ko ya yi fari, shi za a yi mini, ni mai igiya biyu a kafaɗa, da gemuna. Na dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ce haba Sale. Na ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tashi na jawo akwatin, na buɗe a tsakiyar tabarma, na haɗa basun a gabansu.

"Innalillahi, bindiga ce?" in ji wani, yana ja da baya.

Na tsoma kara a finjali, na yarfe, na busa sauti ɗaya a hankali. Na ce ga ruwan, ga abin da nake yi da shi. A zatona shi ke nan, za a ba ni haƙuri a tashi. Ina!

"Ashe gara ma a ce ruwan ka sha," in ji Sale. "Busa? A ƙasa mai tsarki, a watan Ramadan?"

Baba Tanko ya ɗaga masa hannu. "Ɗana, azuminka tsakaninka da Ubangijinka ne, na yarda ba ka sha ba. Amma maƙwabcin nan namu in ya ji wannan kukan ya kira 'yan jawazat masu kamen marasa takarda, mu tara za a loda a mota. Ko dai abin nan ya bar cikin gidan, ko ku fita tare."

In fita in je ina? Ba takarda, ba kafili, wato uban gidan da zai tsaya mini, ban san kowa ba sai su. Kwana ɗaya a titi ya isa a kama ni, wanda aka kama kuma ko takalmi na biyu ba a barinsa ya ɗauka, balle akwati. Tsoron Baba gaskiya ne, ban taɓa ganin laifinsa ba. Wanda nake gani da laifi shi ne wanda ya kawo shawara.

"A kai shi saman soro," in ji Sale. "A kulle ƙofar bene, makulli ya zauna wurin Baba, sai Salla."

"Rana za ta kashe shi," na ce.

"Katako ne fa, Kofur, ba jariri ba. Ni kafinta ne, ka bar mini sanin katako. Abin da ke ɓata katako a garin nan raɓa ce."

Ya ɗauko baƙar leda mai kauri ta wajen gini, ya naɗe akwatin ninki uku, ya ɗaure tamau da waya don kada raɓa ta shiga. Har da ƙwarewa yake yi, yana gyara kusurwa. Na ce a sa shi a inuwar bango, aka ce to, alhali da rana tsaka bangon saman soro ba shi da inuwa ko ta tafin hannu. Na ce a bar ni in riƙa hawa ina rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Baba ya ce, "Da ruwan wa?" Littafin Saje kaɗai na ceto, na sa shi cikin rigata.

Kwana goma sha bakwai ya yi a can, kuma na fi jin su fiye da yunwa da ƙishin watan gaba ɗaya. Da azahar in na kwanta a jiƙaƙƙen daɓe sai in zuba wa rufin ɗakin ido. In ka miƙa hannu sama za ka ji zafi yana saukowa daga simintin, ta ciki ke nan, ina ga abin da yake kwance a kansa cikin baƙar leda? A wajen gini ina yin darasin da yatsu a kan ƙotar shebur, har ɗan kwangila ya tambaya ko ciwon hannu gare ni. Sale kuwa ya ci gaba da miƙo mini kunu kamar ba abin da ya faru. In karɓa in sha, ina jin haushinsa ina jin haushin kaina.

Ranar Salla, da aka sauko daga idi, kowa ya tafi gaishe-gaishe unguwar Bagdadiyya. Na karɓi makulli na hau. Ledar ta yi laushi ta manne da akwatin, sai da na sa wuƙa. Da na buɗe wani warin ƙuna ya buge ni. Gam ya narke, 'yan fatun da ke toshe ramuka sun nannaɗe sun zube. A ɓangaren ƙasa ga tsaga, tsawon ɗan yatsana. Na zauna a daɓe mai zafi da sabuwar rigata, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sallame ni daga aiki.

Da yamma na nuna wa Sale. Ya duba, ya ce, "Ƙaddara ce, Kofur." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Shekara guda na yi ina jinyar abin nan. Wani baduku a Bagdadiyya ya yayyanka mini fatar tsohuwar safar hannu, tsagar na cike ta da kakin zuma na ɗaure da zare. Ya dawo yana magana. Amma akwai sauti ɗaya na can ƙasa, wanda darasi na huɗu yake sauka a kansa har sau shida, da har yau yake fita da wani ƙirrr, kamar ƙuda a kwalba.

Daga baya na samu takarda, na yi aure, na koma unguwar Bani Malik. Busa kuwa a ɗakin ƙurya, da safa a baki, shekara da shekaru. Sale ya buɗe shagon kujeru layi biyu da ni. Na je sunan 'ya'yansa, ya zo na nawa, tare muka kai Baba Tanko makwanci. Maganar saman soro ba ta taɓa tashi ba.

Yanzu gari ya buɗe. Makarantun kiɗa har da allo a bakin titi, abin da na ɓoye a bayan buhuna yara suna rataye da shi a mota. Kwanakin baya sai ga Alhaji Sale a falona, da jikarsa Asma'u, 'yar shekara goma sha tara, haifaffiyar nan, tana jin Hausa amma in za ta yi sai ta haɗa da Larabci.

"Kofur," ya ce, yana gyara zaman babbar rigarsa, "yarinyar nan an ba ta irin abin nan naka a makaranta, wai tana da dogayen yatsu. Malaminsu sau ɗaya yake zuwa a mako. Ka ɗauka mata darasin a waya mana, ta riƙa bi."

Haka ya faɗa, ko kunya babu! Wai irin abin nan naka. Saura ƙiris in ce masa ya kai ta saman soro su koya tare. Amma satin nan likita ya gaya mini haƙorana biyu na gaba ba za su kai ƙarshen shekara ba, kuma a cikin 'ya'yana babu wanda ya taɓa tambayata yadda ake riƙe shi. Na tuna maganar Saje. Na ce to.

Safiya tara muka yi ni da Hafsa a ɗakin nan mai zafi. Darasin da nake yi ido rufe, da aka kunna waya sai na ji duk inda nake ha'inci shekara da shekaru: inda nake satar numfashi, inda ɗan yatsa ke makara. Na gyara su ɗaya bayan ɗaya, ina zagin kaina, ina zagin mai gas. Da muka zo na huɗu Hafsa ta yamutsa fuska.

"Baba, a aro na makarantar su Asma'u mana. Wannan ƙarar fa?"

"Da wannan aka koya mini, da shi za a ɗauka. Magana ta ƙare."

Bayan sati biyu, ran Juma'a da la'asar, suka dawo. Asma'u ta haɗa nata basun, sabo dal, yana walƙiya. Ta busa na ɗaya, ƙidaya goma sha shida cif, ko motsi bai yi ba, har sai da tsigar jikina ta tashi. Ta yi na biyu, ta yi na uku. Ta shiga na huɗu, tana sauka kan sautin nan sai na ji ƙirrr. Na dubi basun ɗina, yana jingine a kujera. Ta sake sauka, ƙirrr. Sau shida, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ta ajiye tana murmushi, ta dube ni, ta kira ni kaka da Larabci. "Ya Jaddi, wannan wuri shi ya fi wuya, wallah. Sati ɗaya ina yi da maƙogwaro kafin ya fita kamar naka."

"Ka ji ko?" in ji Sale, baki har kunne. "Ba ta bar ko ɗigo ba."

Yarinya ta ɓata sati tana koyon ɓarna da lafiyayyen abin busa, kuma da taurin kaina aka yi.

"Jikata," na ce, "wannan ƙarar ba ta cikin littafi. Saje bai rubuta ta ba. Aikin kakanki ne."

Na juyo da basun ɗina na nuna mata zaren da kakin. Sale ya miƙo hannu na ba shi. Ya bi tsagar da babban yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, yadda kafinta ke bin katako.

"Baƙar leda," ya ce. "Da farin buhu na sa, iska tana shiga, da bai tsage ba. Tun ranar Sallar na sani."

"Shekara arba'in, Sale!"

"Na kasa, Kofur. Kullum na zo da maganar a bakina sai ka miƙo mini shayi."

Ban ce masa na yafe ba, kuma ba zan rubuta a nan cewa na ce ba. Na duba karan busata ya bushe, na yarinyar ma haka. Na ɗauki finjali na miƙa masa.

"Tashi ka ɗebo mana ruwa."

Hafsa ta yunƙura za ta karɓa, na ce ta zauna. Dattijo ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ja babbar rigarsa ya shiga kicin. Ya dawo riƙe da finjalin da hannu biyu kada ya zube, ya ajiye tsakanina da jikarsa. Na tsoma karanta tare da nawa. Na zaro littafin Saje daga akwati, na buɗe shafi na huɗu, na ɗora mata a cinya.

"Hafsa, kashe mukayyif," na ce. "Za a sake ɗaukar na huɗu. Ita za ta busa."